Na'urar GPS ta hannu: zaɓen ta farko don tafiyar mota da jiyokashin

Na'urar GPS ta hannu ƙaramar na'ura ce mai batir da ke karɓar sigina daga taurarin ɗan Adam, ta lissafa inda mai riƙe da ita yake a doron ƙasa. Ba ta buƙatar layin waya ko intanet kafin ta gano wuri. Kamfanin Magellan ne ya fara kai irinta kasuwa a 1989 da samfurin NAV 1000, amma a yau Garmin ya mamaye fagen. Mai sayen ta farko yakan so ta yi masa aiki biyu: ta nuna hanya a doguwar tafiyar mota, ta kuma kai shi ga ɓoyayyen akwati a wasan jiyokashin, wato neman akwatunan da wasu suka ɓoye ta hanyar bin lambobin wurin da suke. Buƙatun biyu sun sha bamban. Direba na son babban allo da murya, mai tafiya a ƙasa kuwa na son abu mara nauyi, mai jure ruwa, mai batir da zai wuni. Don mai tafiya a ƙasa aka ƙera na'urar hannu, aikin mota ƙari ne.

Yadda take gano wuri

Tsarin GPS mallakar gwamnatin Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Taurarin, 24 aƙalla, suna shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne na kewaya duniya sau biyu a rana. Na'ura na auna lokacin da sigina ya ɗauka kafin ya iso, kuma sai ta ji taurari huɗu kafin ta ba da wuri da tsayinsa. A fili, inda babu abin da ya tare sama, kuskurenta yakan tsaya tsakanin mita 3 da 5. A ƙarƙashin itatuwa, a kwazazzabo ko tsakanin dogayen gine-gine, sigina kan bugi bango ya dawo kamar amsa-kuwwa, ya iso a makare, sai wurin ya karkace.

Abu biyu ke rage wannan matsala. Na farko, na'urar ta iya sauraron wasu tsare-tsaren, wato GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin, domin yawan taurari na taimakawa idan rabin sama a rufe yake. Na biyu, ta karɓi sigina a zangon rediyo biyu da ake kira L1 da L5, abin da ke ba ta damar tace siginar da ya yi amsa-kuwwa. Zango biyu yana ƙara tsada, yana kuma shan batir. Wanda yawancin yawonsa a fili ne ba zai ga bambanci mai yawa ba.

Abin da jiyokashin ke buƙata

Wasan ya samo asali ne a Mayun 2000, lokacin da Amurka ta daina gurɓata siginar farar hula da gangan, kuskure ya sauko daga kusan mita 100 zuwa kusan 10. Ranar 3 ga watan, Dave Ulmer ya ɓoye bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin, wato digirinsa na arewa da na yamma. A watan Satumba na shekarar aka buɗe Geocaching.com, inda ake ajiye jerin akwatunan. Mai nema yana ɗaukar lambobi, ya je ya gano akwatin, ya sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, ya mayar da shi yadda ya same shi.

Don haka abin dubawa na farko shi ne ko na'urar na karanta fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da bayanan wuri, na akwati gaba ɗayansa: bayaninsa, girmansa, makin wahalarsa daga 1 zuwa 5, manuniyar da mai ɓoyewa ya bari, da abin da masu neman baya suka rubuta. Tsofaffin na'urori lamba da suna kawai suke ɗauka, sauran sai a buga a takarda. Wasu sababbin kuma suna janyo jerin akwatuna ta wayar hannu ba tare da kwamfuta ba.

Sai kamfas, wanda a nan ne sabon shiga ya fi yin nadama. Na'urar da ba ta da kamfas na maganaɗisu tana gane alkibla ne daga motsi, tana kwatanta inda mutum yake yanzu da inda yake daƙiƙa ɗaya baya. Muddin ana tafiya, kibiya na nuna daidai. Da an tsaya, ko an koma taku ɗaɗɗaya a mita goman ƙarshe, sai ta fara juyi, ta nuna gabas ta nuna yamma. Kamfas na maganaɗisu mai kusurwa uku yana aiki ko mutum na tsaye, ko ya karkata na'urar. Shi ma yana da sharaɗi: a daidaita shi bayan an canza batir, ta hanyar jujjuya na'urar yadda allo ya nuna, nesa da mota da wayoyin lantarki.

Babu na'urar da ke ɗora hannun mutum a kan akwati. Wanda ya ɓoye shi ya ɗauki lambobi da nasa kuskuren, mai nema ya zo da nasa, su biyun kan haɗu su kai mita goma. Ƙwararru kan sa na'ura a aljihu idan sun zo nan, su koma duba kogon itace, tulin duwatsun da bai yi kama da na halitta ba, ko bayan allon hanya.

Taswira da tuƙi

Taswirar da ke zuwa da na'ura mafi araha ta manyan hanyoyi da garuruwa ce kawai, wasu ma babu taswira sam. Tuƙi na buƙatar taswirar da ke iya tsara hanya kwana bayan kwana, kamar City Navigator ta Garmin, wadda sayen ta ake yi daban, ko taswirorin da aka gina a kan OpenStreetMap, waɗanda da yawansu kyauta ne. Taswirar nahiya guda na iya cin gigabait da dama, saboda haka gurbin katin microSD yana da muhimmanci.

Ko da taswirar, yawancin na'urorin hannu ba sa magana. Ƙara suke yi kafin kwana, su rubuta umarni a allon da bai wuce inci biyu ko uku ba. Hakan ya isa idan akwai mai karantawa a kujerar gefe. Ga direba shi kaɗai haɗari ne. A mota ana buƙatar maƙalin gilashi da wayar caji, kuma gilashin gaba mai rufin ƙarfe, irin na wasu motoci masu ɗumama gilashi, yana raunana sigina. Masu yawa sun zaɓi su bar tuƙi ga wayar hannu, su ajiye na'urar don abin da ke bayan an sauka.

Batir, jiki da samfura

Na'ura mai batir AA biyu ana canza mata batir a ko'ina. Mai batirin lithiyam a ciki ana yi mata caji ne, amma idan ya ƙare sai an nemi wuta. Batirin alkalin yana saurin mutuwa a sanyi, yana kuma tsiyaya ya ci ƙarfen gurbinsa idan an bar shi watanni a ciki. Mai amfani da batirin caji na NiMH ya faɗa wa na'ura haka a saiti, in ba haka ba ma'aunin batir zai yi ƙarya. Alamar IPX7 na nufin na'ura ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Maɓallai sun fi allon taɓawa aminci cikin ruwan sama ko da safar hannu, sai dai rubuta adireshi da su aiki ne.

A jerin Garmin, eTrex 22x da 32x suna da allo mai inci 2.2, batir AA biyu na kusan awa 25, da gurbin kati. Bambancinsu shi ne 32x na da kamfas da ma'aunin tsayi mai aiki da matsin iska, kuma ita ta fi dacewa da jiyokashin. eTrex SE allonta baƙi da fari ne, batirinta na daɗewa ƙwarai, amma ba ta da taswirar tuƙi. GPSMAP 65 da 67 suna karɓar zango biyu. Montana 700, mai allon taɓawa na inci 5, ta fi kusa da na'urar mota, nauyinta ne matsalar mai tafiya a ƙasa.

Kurakuran saiti

Jiyokashin yana amfani da tushen awo na WGS84, wato ma'aunin da ake lissafa lambobin wuri a kansa, lambobi kuma a tsarin digiri da minti mai ɗigo. An ɓoye akwatin farko a N 45° 17.460, W 122° 24.800. Wanda ya shigar da lambar farko a matsayin digiri 45.17460 zai sauka kusan kilomita 13 kudu da wurin, domin minti 60 ne a digiri, ba 100 ba. Lambar ƙarshe bayan ɗigo kuwa, ɗaya bisa dubu na minti, ba ta kai mita biyu ba.

Wani kuskuren shi ne barin na'ura a tsarin bin hanya bayan an sauka daga mota, sai ta riƙa jan mutum zuwa kwalta mafi kusa maimakon ta nuna akwati kai tsaye. A mayar da ita tsarin miƙaƙƙen layi, a kuma adana wurin da aka ajiye mota kafin a shiga daji.

Sabuwar na'ura, ko wadda aka yi tafiya mai nisa da ita a kashe, ba ta san inda taurari suke ba. Cikakken jadawalinsu yana ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya sauko, don haka a ajiye ta a fili kamar kwata na awa kafin fitar farko.