Hancin Karen Tagulla Ba Zinare Ba Ne

An daɗe ana cewa hancin mutum-mutumin karen titi da ke tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mendeleevskaya, a Mosko, da zinare aka yi shi, kuma shafa shi don neman biyan buƙata tsohuwar al'ada ce.

A 2007 aka kafa mutum-mutumin, don haka al'adar ba tsohuwa ba ce, kuma tagulla ce zalla. Maƙera kan dusashe launin tagulla da sinadari, su rufe da kaki. Tafin hannu, da gishirin gumi, ke cinye rufin nan, sai ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Zaizayewa ce kawai.

Ku duba ƙarƙashin cikin karen, inda hannu ba ya kai: launin duhu na nan. Ku kwatanta da tsofaffin hotunansa.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.