Awon Cinyewar Sassan Jirgin Sama

Awon cinyewa wani reshe ne na duba lafiyar jirgin sama, inda injiniyoyi ke auna abin da gogayya ta rage daga jikin wani sashe, sannan su gwada shi da iyakar da maƙerin jirgin ya gindaya a littafin gyara. Ana yin sa ga burki, da tayoyi, da haƙoran noti, da ruwan farfelar cikin inji. Awo yana da inganci idan ya dace da ainihin girman abin, ana kuma dogara da shi idan ma'aikata daban-daban suka maimaita shi suka sami adadi guda. Samun ɗaya ba ya tabbatar da ɗayan, domin ma'aunin da ya karkace zai yi ta bayar da amsa iri ɗaya alhali ba daidai ba ce.

Kayan aiki

An fi amfani da maikuromita, wato na'urar auna kaurin ƙananan abubuwa, da ma'auni mai fuskar agogo, da siririyar kyamarar leƙa cikin inji. Burkin manyan jirage yana da ɗan tsinken ƙarfe da ke shigewa ciki gwargwadon cinyewar burkin.

Tushen kuskure

Kuskure kan fito daga ma'aunin da lokacin daidaita shi ya wuce, ko datti da busasshen giris da suka cike giɓin da ake nema, ko bambancin ƙarfin hannun masu awo. Zafi ma yana da tasiri, domin yana sauya girman ƙarfe, shi ya sa ƙa'idar duniya ta ɗora awon tsawo a kan digiri 20 na Salsiyas.

Haɗarin jirgin Alaska

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne jirgin Alaska Airlines mai lamba 261, ƙirar MD-83, wanda ya faɗa tekun Fasifik kusa da gaɓar Kalifoniya ranar 31 ga Janairu, 2000, mutum 88 suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano cewa haƙoran notin da ke riƙe da sandar juya fiffiken wutsiya sun cinye saboda ƙarancin giris.

A watan Satumba na 1997 an auna wasan da ke tsakanin notin da sandar, wato giɓin da ke sa su yin motsi, a birnin Oakland na Kalifoniya, aka sami inci 0.040, wato kimanin milimita 1, wanda shi ne ƙarshen iyakar da aka yarda da ita. Wani shugaban makanikai ya rubuta a canza sashen, amma da wasu suka sake aunawa sau 5 sai suka sami inci 0.033, aka bar shi. Ba a ƙara auna shi ba har ranar haɗarin, domin kamfanin ya tsawaita tazarar wannan awo zuwa wata 30, kusan awa 9,550 na tashi. Bincike ya kuma nuna cewa ƙarfen da ake ɗaure fiffiken da shi yayin awo ƙirar gida ce da ba ta cika sharuɗɗan maƙeri ba. Ko shi ya jawo saɓanin adadin biyu, ba a tabbatar ba. Rahoton hukumar na 2002 ya bayyana hanyar awon kanta a matsayin wadda ba a isa a dogara da ita ba, kuma wannan ya fi kuskuren mutum ɗaya nauyi, tunda ya shafi duk jiragen da ake aunawa da ita.

A Kaduna

Jihar Kaduna na cikin manyan wuraren koyar da wannan aiki a Nijeriya. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyin gyara, haka ma Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke garin Kaduna. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ce ke ba su lasisin sa hannu a kan takardar sakin jirgi, wato shaidar cewa jirgi zai iya komawa aiki bayan gyara. Ƙurar hunturu tana cikin abubuwan da ke hanzarta zaizayar sassan inji a wannan yanki.