Kafin a ce yaro yana da ciwon rashin natsuwa

Ranar rigakafi wata uwa daga Rigasa ta jira har aka watse, sannan ta miƙo mini takardar da malamin ɗanta ya rubuto: yaro ba ya zama wuri ɗaya, ba ya gama rubutu, a kai shi a duba ƙwaƙwalwarsa. Shi kuwa gogan yana can yana hawa da sauka kan sikeli, yana dariyar yadda allurar sikelin ke rawa. Shekararsa huɗu da wata bakwai, amma yana aji ɗaya na firamare, an yi masa tsallaken aji.

Na ce, "Hajiya, lissafa mini yininsa." Tashi da asuba, makaranta bakwai zuwa biyu, lesin har la'asar, Islamiyya zuwa magariba, bayan isha'i ga jinga shafi uku. Wasa fa? Sai ta yi shiru.

Ciwon rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD gaskiya ne, ba iska ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Sai dai ba a yanke hukuncinsa sai alamomin sun kai wata 6, an gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma sun wuce ƙiriniyar da aka sani ga sa'annin yaron. A nan ake tafka kuskure, don sa'annin aji ba sa'annin haihuwa ba ne. A 2018 masu bincike a Jami'ar Harvard sun duba jihohin Amurka inda sai yaro ya cika shekarun shiga makaranta zuwa 1 ga Satumba ake ɗaukarsa. Yaran da aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, sun fi na Satumba samun wannan laƙabi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tazarar wata 11 ke nan. Mu nan shekara biyu muke cinye wa yaro, alhali tsarin ilimin ƙasa shekara 6 ya sa don shiga firamare.

Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13. Babba in bai ƙoshi da barci ba gyangyaɗi yake yi, yaro kuwa rawar kai yake ƙarawa. Haka wanda ya fita bai karya ba, da mai ƙarancin jini, da wanda kunnensa ke ruwa ko ba ya hango allo. Waɗannan muke fara dubawa.

In an gyara duk wannan abin bai lafa ba, a nufi asibitin koyarwa na Barau Dikko ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, duk a Kaduna. Kada a karɓi magani a kemis. Yaron da bai kai shekara 6 ba ma, iyaye ake fara koya wa dabarun tafiyar da shi kafin a yi zancen ƙwaya. Bulala kuwa tsoro kawai take koya masa.

Na ce wa Hajiya ta ajiye lesin, ta roƙi a mayar da shi nazare, ta dawo bayan wata uku. Ta ɗaure takardar a bakin mayafi, ta ce damuwarta ɗaya ce: yadda za ta faɗa wa maigida, tunda ya riga ya biya kuɗin lesin na zangon gaba ɗaya.