Tsutsar ganyen lemo ita ce malam-buɗe-littafin gobe

Da wuya ka ratsa layin masu atamfa a Kasuwar Gumi ta Kaduna ba ka ga zanen malam-buɗe-littafi ba. Yana kan zanen gado, yana kan kalanda, har bangon littafin 'yan firamare. Kowa na sha'awarsa. Amma a gida, da an ga koriyar tsutsa a ganyen lemo, sai a kaɗo ta a murƙushe. Mutane da yawa sun ɗauka babu abin da ya haɗa su, wasu ma cewa suke ƙananan da ke tashi su ne 'ya'yan manyan.

Ba haka ba ne. Uwar kan saka ƙwai a kan ganye, ya ƙyanƙyashe tsutsa. Na sa wa ta lemon gidanmu ido a Tudun Wada: da farko kamar kashin tsuntsu take, baƙi da fari, har tsuntsun ya wuce bai kula ta ba. Tana saɓa tana girma, ta koma kore shar. Ka taɓa ta, ta fito da wani ɗan ƙaho mai baki biyu, mai wari. Da ta ƙoshi sai ta ɗaure kanta da zare a reshe, ta yi kwanso, daga ciki mai baƙin fiffike da ɗigon rawaya ya fito. Daga ranar kuma ba ya ƙara girma.

Tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016 daban ce, ta faɗa-wuta ce, manomi na da gaskiyarsa in ya kashe ta. Amma tsutsa biyu ba sa kashe babbar bishiyar lemo, ni dai na hana yara taɓa tamu.