WiFi ya ɓace bayan na saka Linux, ya zan gyara ta taminal?

Na saka Linux, komai na aiki amma babu WiFi ko alamarsa. Ta ina zan fara?

Kafin ka fara sauke komai, gano wane cip ne a cikin na'urar. Sunan da aka rubuta a jikin kwali ba ya gaya maka komai, adaftar TP-Link guda biyu masu kama ɗaya sai ka ga ɗaya Realtek ne a ciki ɗayar kuma wani daban. In katin cikin kwamfutar ne rubuta lspci -nnk, in na USB ne lsusb. Za ka ga wasu lambobi kusa da sunan: 8086 na Intel ne, 14e4 na Broadcom, 10ec na Realtek, Realtek na USB kuma 0bda. Sannan a sakamakon lspci ka duba layin da ke cewa Kernel driver in use, in babu shi to direba ne babu, wato manhajar da ke sa Linux ta iya aiki da cip ɗin. Da waɗannan lambobin ake neman direba.

To direban na nan amma har yanzu shiru fa?

Sai ka gwada rfkill list. Wani lokacin an kashe rediyon ne kawai, soft blocked sai sudo rfkill unblock all, amma in ya ce hard blocked to makunni ne a jikin laftof ɗin ko wani maɓallin Fn, babu umarnin da zai taɓa shi. In ba nan ba ne duba sudo dmesg | grep -i firmware, katunan Intel da yawa direbansu iwlwifi na cikin kanel (zuciyar tsarin Linux) tuni, ƙaramin fayil ɗin da ake loda wa cip ɗin ne ya rage, a Debian kunshin firmware-iwlwifi ke kawo shi. Tun Debian 12 da ya fito a 2023 ma sun fara haɗa irin fayilolin nan cikin faifan saka tsarin, shi ya sa matsalar ta ragu sosai.

Ya zan sauke direba alhali ba ni da intanet ɗin?

Ai wannan ita ce tambayar da kowa ke yi. Jona wayarka ta kebul ka kunna USB tethering, yawanci Linux na ganinta nan take ba tare da wani direba ba. Broadcom kam su ne masu ba da wahala, a Debian broadcom-sta-dkms za ka saka, tare da linux-headers na kanel ɗinka, don DKMS, manhajar da ke gina direbobi, sai ya gina direban da kansa, kuma duk sanda kanel ya sabunta zai sake ginawa. In Secure Boot (kariyar da ke tantance abin da ake lodawa yayin tashin kwamfuta) na kunne kuma, direban da ba a sa masa hannu ba ba zai lodu ba, sai ka yi rajistar makullin MOK, wato makullin da aka sa wa direban hannu da shi, a wani shuɗin allo da ke fitowa lokacin da kwamfutar ke tashi, mutane da yawa suna tsallake wannan shuɗin allon ba su karanta ba sai su dawo suna cewa direban ne bai yi ba.

Me ya sa babu eth0, sai wani enp3s0?

Sabon tsarin sa wa katin sadarwa suna ne da systemd, manhajar da ke tada tsarin, ta kawo, sunan yana bin gurbin da katin yake, ba abin damuwa ba ne. ip a zai nuna maka su duka.

Ina son IP ɗin da ba ya canzawa.

ip addr add yana aiki amma da ka sake kunna kwamfutar ya tafi. Yi amfani da nmcli connection modify da sunan haɗin naka, ka sa ipv4.method manual tare da ipv4.addresses da ipv4.gateway da ipv4.dns, sannan nmcli connection up da sunan haɗin. In ping 8.8.8.8 na amsawa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ka manta, wato mai juya sunan shafi zuwa IP.

A Windows fa?

Buɗe taminal a matsayin admin, pnputil /add-driver sunan.inf /install, sannan Get-NetAdapter a PowerShell ka ga ko ya bayyana.