Shin reza tana ƙara wa gashin jiki kauri?

A Damagaram an daɗe ana gargaɗin ƴan mata cewa reza tana sa gashin hamata da na ƙafa ya dawo da kauri, shi ya sa wasu suka fi yarda da halawa. Maganar ba haka take ba. Gashi daga saiwarsa yake tsirowa a ƙarƙashin fata, inda reza ba ta kaiwa; siririn bakinsa kawai take datsewa, sai sabon tsiron ya yi kaushi a hannu kamar tushen karan gero bayan an sare shi. Tun 1928 wani bincike a Amurka ya nuna aski ba ya sauya tsirowarsa. Mai shakka ta aske ƙafa ɗaya, ta kwatanta da ɗayar bayan wata biyu. Don Allah a isar wa ƴan uwa wannan bayani.