Me ake gani a fim ɗin baƙi da fari?

Rannan ƙanena ya shigo ɗakina a unguwar Wunti, nan Bauchi, ya tarar ina kallon wani tsohon fim. Sai ya ce, "Yaya, talabijin ɗin ce ta lalace?" Na ce masa ƙalau take. Daga nan ya jero mini tambayoyi.

Ba don babu kala a lokacin ba ne aka yi su haka?

Da farko, haka ne. Lokacin da 'yan'uwan nan Lumière suka nuna fim a Faris a 1895, babu zaɓi. Dogon fim mai cikakkiyar kala irin ta kamfanin Technicolor sai a 1935 ya fito, kuma kyamararsa zaren fim uku take ja lokaci guda, ga nauyi, ga fitilu masu zafi, ga tsada. Shi ya sa iri biyun suka daɗe suna tafiya tare, har Oscar, gasar fina-finai ta Amurka, ta riƙa ba da kyautar ɗaukar hoto kashi biyu, na mai kala da na baƙi da fari, sai a 1967 aka haɗe su. Mu nan kuwa da majigi iyayenmu suka fara, sannan talabijin mai ƙofa, wadda wasu ke manna wa leda mai launi a gilashi, wai su ma sun yi kala.

To yanzu da kala ta wadata, me ake nema a ciki?

Fuska da haske. Ka lura da kanka idan kana kallon fim ɗin biki: idonka na kan leshin amarya, da labule, da fentin falo. Idan aka ɗauke launi, ido ba shi da wurin yawo, dole ya koma kan fuskar ɗan wasa, ya ga gumin goshi da rawar leɓe. Inuwa ma sai ta samu aikin yi. A haska rabin fuskar mutum, a bar rabin cikin duhu, ka san akwai abin da yake ɓoyewa tun bai buɗe baki ba. Ni abin yana tuna mini rubutun allo. Tawada baƙa ce kawai, amma a nan ake gane hannun gwani, don babu adon da zai rufa wa mai rubutu asiri.

Akwai wanda ya zaɓe shi da gangan?

Sosai. Darakta Hitchcock ya yi fim ɗin Psycho a 1960 babu kala, alhali yana da halin yin mai kala, kuma jinin da ake gani a banɗaki ruwan cakulan ne. Darakta Spielberg ya yi Schindler's List a 1993, kan kisan Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya bar jar rigar wata yarinya a tsakiyar toka-toka. Wanda ya kalla ba ya manta rigar nan.

Idan na cire kalar bidiyo a wayata, na yi irinsa ke nan?

A'a. Ja da kore na iya komawa toka iri ɗaya, sai riga ta saje da bango. Masu wannan aiki tun daga zaɓen tufafi da ajiye fitila suke lissafin abin da zai yi duhu da wanda zai yi haske.

Me ya sa ba a zuba wa tsofaffin kala a huta?

Ana yi. Mughal-e-Azam na Indiya, wanda ya fito a 1960, an sake shi da kala a 2004, mutane kuma sun yi tururuwa. Ni dai bai kwanta mini ba, domin wanda ya tsara hasken ba da wannan niyya ya yi ba.

'Yan Kannywood fa?

Galibi sai za a tuna baya ake ɗauke kala, minti biyu a dawo da ita. Na so a ce wani ya gwada fim sukutum, ya fito da kyamara da sassafe lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya lulluɓe duwatsun Bauchi, masu shayi sun hura wuta, almajirai na jin ɗumi a gefe. Ƙanen nawa ya ce ba mai saye. Amma dai bai tashi ba sai da fim ɗin ya ƙare.